Wat 5,000 a jikin kwali: gaskiya da ƙarya a cinikin sifika

Duk wanda ya tashi haɗa kayan sauti a Unguwar Lalle, na ɗakin amarya ne ko na gidan kallon ƙwallo, kafin ya kai kasuwar Sabon Birni ya sha shawarar da ta fi kuɗin aljihunsa yawa. Wata gaskiya ce, wata kuwa bakin ɗan kasuwa ne ya bi gari har ya zama kamar ilimi.

Babbar ƙaryar a jikin kwali take, da manyan baƙaƙe: wat 5,000, sannan haruffan PMPO. Wannan lamba ba ta da ma'aunin da aka yarda da shi, kowane kamfani abin da ya ga dama yake bugawa. Juya bayan na'urar, kusa da inda wayar wuta ta shiga, za ka ga 'yar takarda da ta faɗi wutar da take ci. In ta ce wat 80, to ta ina wat 5,000 za su fito? Lambar da ake dubawa ita ce RMS, wato ƙarfin da amfilifaya ke iya riƙewa ba tare da ta gaza ba. Irin wannan ruɗin ne ya sa hukumar kula da ciniki ta Amurka ta kafa doka a kansa tun 1974. Ko a RMS ɗin ma kada a yi rawar ƙafa. Ninka wat sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa, kuma kafin kunne ya ji ƙara ta ninka, sai an ninka wat wajen sau goma. Bambancin mai wat 50 da mai wat 60 bai kai a yi masa ƙarin kuɗi ba.

Ana kuma cewa yawan sifika shi ne daɗin sauti. Rabinta gaskiya ce. Tsarin 5.1, sifika biyar da wufa ɗaya, wanda Dolby Digital ya yaɗa a silima tun daga 1992, yana aiki ne idan tun wurin haɗa fim aka raba sautin gida shida. To mu kuwa daga waya muke turawa, kuma hanyar Bluetooth ta yau da kullum layi biyu take ɗauka, dama da hagu. Sauran sifikun maimaici suke yi. Waƙoƙin Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, tsohuwar ɗauka ce. Ka jera musu sifika bakwai, kotson nan dai shi ne za ka ji, sai dai ka cika ɗaki da wayoyi. A ganina sifika biyu nagari da wufa sun fi shida na roba, kuma sau da yawa kuɗin ɗaya ne.

Batun ɗaga na'ura a ji nauyinta kafin a taya, shi ma zamaninsa ya ja baya. A da nauyi na nuna babbar taransifoma a ciki. Yanzu akwai amfilifaya ajin D, marar nauyi, wadda ke mayar da kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da ta ci zuwa sifika, alhali tsofaffin suna zubar da kaso mai yawa a zafi. A garin da sola da batir suka fi wutar gwamnati tabbas, wannan ba ƙaramin zance ba ne: batirin da zai mutu ana tsakiyar wasa sai ya kai ka ƙarshensa. Wayar HDMI mai bakin zinari kuwa ado ce. Ko ta kawo hoto da sauti, ko ta ƙi.

Amma masu cewa kayan gwanjo na ƙonewa ba su yi ƙarya ba. Na'urar da aka yi don Japan wutar bolt 100 take so, ta Amurka 120, tamu kuwa 230 ce. Ka soka ta kai tsaye ba taransifomar rage wuta, sai ƙauri. Wadda aka yi don kasuwar Nijar, irin da ake samu a Maraɗi, ba ta da wannan matsala, domin wutarsu da tamu kusan ɗaya ce. Haka masu kuka da ƙaramin janareta da inbata mai araha: na farko wutarsa hawa da sauka take, na biyu kuma yakan saka wani gurnani a sifika da ba mai gyaran da zai cire shi. Kuɗin sitabilaiza a cikin kuɗin kaya yake, ba ƙari ba ne.

Akwai wata ɓarna da ake ɗora wa kamfani alhali hannu ne. A ɗaura sifika biyu masu om 8 a baki ɗaya, sai su koma om 4, amfilifaya ta ja wuta fiye da ƙima, ga zafin bazara, ga ƙurar hunturu ta toshe ramukan iska. Idan ka ji sauti ya fara tsagewa, rage shi; ƙananan sifikun da ke fitar da siririyar murya su ne ke fara ƙonewa.

Wurin gwaji, mai shago zai ƙure wufa har kwanon rufi ya ɗauki rawa. Ce masa ya rage, ka saka tafsiri ko labarai daga wayarka, ka ja baya kamar taku biyar, ka ji ko kowace kalma tana fita sarai.