Apo: Ƙauyen Da Birni Ya Haɗiye

Wanda ya baro Garki ya nufi kudu zai iske Apo. A da can ƙauye ne na Gwarawa, watau Gbagyi, manoman doya da dawa a gindin duwatsu. Dokar 1976, zamanin Janar Murtala, ita ta sa shi cikin yankin Babban Birnin Tarayya. Yau gidajen da aka gina wa 'yan majalisa, da unguwar da aka tanadar wa mutanen Garki, da rumfunan makanikai sun cinye gonakin.

Ƙidayar 2006 ta sami mutum 776,298 a ƙaramar hukumar da Apo ke ciki. Tun daga nan ba a sake ƙidaya ba. Wanda ba a ƙirga ba kuwa, da wuya a tuna da shi ranar rabon fili.