Shin Ko Kun San? Na'urar da ke Auna Zurfin Ruwa Daga Cikin Jirgi

Shin ko kun san cewa matuƙin jirgin ruwa na zamani da sauti yake gane zurfin ruwan da ke ƙarƙashinsa? Wani ɗan faifai ne ke harba sauti ƙasa, ya saurari amsa-kuwwa, kamar yadda jemage ke yi cikin duhu. A teku sauti na cin kimanin mita 1,500 a daƙiƙa guda, don haka in zurfin mita 30 ne, amsar kan dawo cikin kashi 4 bisa 100 na daƙiƙa.

Shin ko kun san nutsewar jirgin Titanic a 1912 ce ta zaburar da masana kan wannan bincike? A 1913 Bajamushe Alexander Behm ya yi rajistar dabarar auna zurfi da amsa-kuwwa.

Ko kun san ba dole sai an huda jirgi kafin a girka faifan ba? Ana iya manna shi daga ciki, sautin ya ratsa ƙasan jirgin ya shiga ruwa. Amma fa dabarar ta fi aiki a jirgin faibagilas zalla. Katako shanye sautin yake yi, shi ya sa dabarar ba za ta yi wa kwale-kwalen katako irin na masuntan Yawuri amfani ba.

Babban abokin gabar wannan aiki shi ne iska. Kumfa 'yar mitsitsiya tsakanin faifan da jikin jirgi ta isa ta kurmantar da na'urar. Saboda haka ake goge wurin sumul, a manna da gam ɗin ifokzi mai jinkirin bushewa, a danne har kumfar ta fita sarai. Wasu kuwa cikin ɗan kofi mai cike da mai suke zaunar da faifan.

Gogaggun ma'aikata ba sa gaggawar shafa gam. Faifan suke sawa cikin ledar ruwa, su ɗora nan, su ɗora can, jirgi na tafiya, har su dace da wurin da lambobi ba sa rawa.

Akwai asara kam: sautin na raguwa, kuma zafin da na'urar za ta nuna ba na ruwan waje ba ne. Duk da haka, ga ƙaramin jirgin da ke yawo a ruwa marar zurfi, a ganina wannan asarar ta fi ramin da zai iya yoyo sauƙi nesa ba kusa ba.