Tsamin Jiki Bayan Aikin Ƙarfi: Wane Ne Na Gajiya, Wane Ne Na Asibiti?

Duk shekara idan ruwan sama ya sauka a ƙasar Kaduna, cikin watan Mayu ko Yuni, ana samun mutane da yawa masu kukan ciwon jiki. A nan Badarawa muna ganin haka sosai. Tela ko ɗan tireda ko ma'aikacin ofis zai shafe rani yana zaune. Ranar Asabar sai ya ɗauki garma ya nufi gonarsa wajen Rigachikun, ya yi huɗa tun safe har la'asar. Ya dawo gida lafiya lau, har yana alfahari. Ranar Lahadi sai ya ji jikinsa ya yi nauyi. Ranar Litinin kuwa ko ruku'u ba ya iya yi sai da ƙyar. Mutanen karkara ma haka suke fama a makon farko na noma, ko bayan aikin gayya. Mata suna jin irinsa bayan surfe da daka na biki.

Wannan shi ne tsamin jiki. Yawanci ba cuta ba ce, kuma yana tafiya da kansa. Amma akwai wani iri mai haɗari wanda yake iya lalata ƙoda. Ya kamata kowa ya san yadda zai bambanta su.

Me ke kawo tsamin jiki?

Naman da ke motsa ƙasusuwanmu shi ake kira tsoka. Tsoka tana da zare-zare ƙanana, kamar yadda igiya take. Idan mutum ya yi aikin da bai saba ba, wasu daga cikin zaren nan sukan ɗan yage. Yagewar ƙarama ce ƙwarai, ido ba ya ganinta. Daga nan sai jiki ya fara gyara. Wurin yakan ɗan kumbura, ya yi tauri, ya yi zafi idan an taɓa. Wani masani ɗan ƙasar Amurka mai suna Theodore Hough shi ne ya fara bayyana haka a shekarar 1902.

Aikin da ya fi kawo tsami shi ne wanda tsoka take miƙewa alhali tana riƙe da nauyi. Misali sauke buhu daga kai, ko gangarowa daga tudu, ko sunkuyo da garma. Shi ya sa mai huɗa ya fi jin ciwo a kwankwaso da bayan cinya da kafaɗu.

Ciwon ba ya zuwa nan take. Yakan fara bayan awa 12 zuwa 24. Yakan fi tsanani a kwana na biyu ko na uku. Daga nan sai ya riƙa raguwa. Cikin kwana 5 zuwa 7 ya tafi. Saboda haka idan ka ji ciwon ya ƙaru a kwana na biyu, kada ka tsorata. Haka yake yi. Ba sammu ba ne, ba kuma mataccen jini ba ne ya taru.

Wani abin farin ciki shi ne jiki yana koyo. Idan tsokar ta warke, takan fi da ƙarfi. Idan ka sake yin aikin nan bayan mako ɗaya ko biyu, tsamin ba zai kai na farko ba. Wannan ne dalilin da ɗan ƙwadago yake huɗa kullum ba ya kuka, amma mai gonar da ya zo daga gari ya kwanta.

Yadda za ka taimaki jikinka

1. Kada ka kwanta gaba ɗaya. Yi ɗan tattaki zuwa masallaci ko kasuwa. Yi ƙaramin aiki a gida. Motsi mai sauƙi yana rage ciwon. Amma ka ɗaga wa babban aiki ƙafa kwana biyu ko uku.

2. Sha ruwa mai tsabta sosai. Dubi fitsarinka. Idan ya yi haske, ruwan ya isa. Idan ya yi rawaya ƙwarai, ƙara sha. Idan ka yi gumi da yawa, jiƙa garin gishiri da sukari na ƙunshi, wanda ake kira ORS, cikin lita ɗaya ta ruwa, ka riƙa kurɓa.

3. Ci abinci mai gina jiki. Ba sai nama ba. Wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, awara, ƙwai, kifi da fura da nono duk suna taimaka wa tsoka ta gyaru. Tuwo da kunu suna mayar da ƙarfin da ya tafi.

4. Yi barci isasshe. Babban mutum yana bukatar awa 7 ko fiye.

5. Yi wanka da ruwan ɗumi, ko a gasa maka wurin da tsumma. A yi tausa a hankali da man kaɗanya. Ban da murza da ƙarfi, ban da taka baya da ƙafa. Tausa tana ɗan rage ciwo, amma lokaci shi ne ainihin maganin.

6. Ba a bukatar tsaga ko ƙaho. Aska ɗaya da aka yi wa mutane da yawa amfani da ita tana iya yaɗa ciwon hanta da cutar ƙanjamau.

Hattara da ƙwayoyi

A nan ne mutane da yawa suke jawo wa kansu wahala. Sai mutum ya tsayar da mai tallar magani ya ce a haɗa masa na ciwon jiki. A ba shi ƙwayoyi huɗu ko biyar a ƙulle cikin leda, bai san sunan ko ɗaya ba. Wannan ganganci ne.

Idan ciwon ya hana ka sakewa, farasitamol ya isa. Babban mutum zai sha ƙwaya biyu masu miligiram 500. Kada ya sake sha sai bayan awa 4 zuwa 6. Kada ya wuce ƙwaya 8 a yini da kwana, domin yawansa yana lalata hanta. Wannan awon ba na yara ba ne.

Magunguna irin su ibuprofen da diclofenac suna kashe ciwo, amma suna iya cin ciki, kuma suna wahalar da ƙoda, musamman ga wanda ya yi gumi bai sha ruwa ba. Mai gyambon ciki, da mai hawan jini, da mai ciwon ƙoda, da mace mai juna biyu, kada su sha sai da izinin likita.

Tiramol kuwa, wato tramadol, wanda wasu matasa suke sha don su yi aiki ba gajiya, ya fi duka haɗari. Ba ya ƙara ƙarfi. Ɓoye ciwo kawai yake yi, mutum ya ci gaba da yi wa jikinsa ɓarna bai sani ba. Yana kama mutum ya kasa dainawa, yana kuma kawo jijjiga kamar farfaɗiya. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, tana kama masu fataucinsa ba bisa ƙa'ida ba.

Alamun da ke cewa a tafi asibiti

Wani lokaci aikin yakan yi yawa har tsoka ta lalace sosai. Abin da ke cikinta sai ya kwarara cikin jini, ya je ya toshe ƙoda. Likitocin birnin Landan sun bayyana irin wannan a 1941, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ga mutanen da gini ya danne. Daga baya aka gane aikin ƙarfi cikin zafin rana ma yana kawo shi, ko ga saurayi majiyi ƙarfi. Idan aka je asibiti da wuri, ƙarin ruwa yakan ceci ƙodar. Idan aka yi jinkiri, ana iya kaiwa ga wankin ƙoda, ko a rasa rai.

Kada ka jira idan ka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

Fitsari ya koma ja ko ruwan ƙasa, kamar baƙin shayi. Ko da kana zaton tsargiya ce, je a auna.

Fitsari ya ragu ƙwarai, ko ya tsaya.

Hannu ko ƙafa ta kumbura ta yi tauri, ko ta mutu ba ka iya ɗaga ta.

Ciwo mai tsanani da ya zo farat ɗaya ana cikin aiki, a wuri guda. Wannan yana iya zama targaɗe ko karaya.

Zazzaɓi da ciwon kai da sanyi. Damina lokacin sauro ne. A gwada jini a ga ko zazzaɓin cizon sauro ne.

Ciwon ƙirji, ko haki, ko jiri, ko ruɗewa bayan aiki a rana.

Ciwon ya wuce mako guda bai ragu ba.

Mai ciwon sikila, idan ya ji ciwon ƙashi bayan aiki, ya tafi asibiti ba tare da ɓata lokaci ba.

A fara zuwa ƙaramin asibiti mafi kusa. Mutanen Badarawa da Malali da Unguwar Dosa suna kusa da Babban Asibitin Kawo da Asibitin Koyarwa na Barau Dikko. A gaya wa ma'aikacin lafiya irin aikin da aka yi, da duk maganin da aka sha.

Rigakafi ya fi magani

Kafin ruwa ya sauka, fara shirya jikinka. Yi sharar gona da kanka kaɗan-kaɗan. Ranar farko ta huɗa, yi awa biyu ko uku ka tsaya. Kashegari ka ƙara. Fita da sassafe, ka huta a inuwa idan rana ta take. Tafi gona da ruwan sha. Kada ka yi gasa da wanda ya saba. Iyaye kuma su lura da ɗalibai da suka dawo hutu, kada a ba su aikin manya rana ɗaya. Gonar da aka huɗe cikin kwana biyar da lafiya ta fi wadda aka gama rana ɗaya aka kwanta mako biyu.

Mai karatu, karanta wa maƙwabcinka wannan bayani, musamman alamun zuwa asibiti. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka, amin.