Sojan da Ke Kwance, Danginsa na Nesa

Duk mai zama bakin titi a Jega ko Maiyama ya saba ganin motocin soja suna wucewa, wasu sun nufi Koko da Yauri, wasu sun karkata Birnin Kebbi. Muna ganin tafiyarsu, ba kasafai muke tambayar yadda suka dawo ba. A watan Maris na 2022 'yan bindiga suka afka wa ayarin mataimakin gwamna na lokacin, Samaila Yombe Dabai, a Kanya ta Danko-Wasagu. Sojoji fiye da goma suka rasu. An yi ta maganar mamatan, amma waɗanda suka tsira da harsashi a jiki, kwana biyu aka daina zancensu.

Mutumin Aliero ba sai an yi masa bayanin karaya ba, garin masu ɗori ne. Ya san yadda ƙato ke kwanciya wata da watanni, ƙafa a ɗaure, ko buta sai an miƙo masa. To shi wannan yana da uwa a gefen tabarma, ƙane na yi masa fifita, maƙwabta na shigowa da kwanon fura. Sojan da aka kwantar a asibitin Sir Yahaya ko Asibitin Koyarwa na Tarayya a Birnin Kebbi, ta yiwu ɗan Binuwai ne ko Enugu, matarsa na can wani bariki, sai ta waya take jin muryarsa. Idan raunin ya yi tsanani a wuce da shi Sakkwato ko asibitin soja na 44 a Kaduna, nisan ya ƙaru.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne wayar hannu. Mutum na kwance, cinya a buɗe, roba a hanci, wani ya ɗaga waya ya ɗauka, kafin la'asar hoton ya zaga WhatsApp. Wata uwar ta nan za ta fara sanin an harbi ɗanta. Manyan da ke zuwa dubiya da ayarin masu kyamara su ma su ji: ambulan ɗin da aka miƙa ba ta sayi mutuncinsa ba.

Sai yawan tambaya. "Su nawa ne? Ya aka yi abokinka ya mutu?" Wanda ke zabura cikin dare idan ƙofa ta buga ba ya buƙatar wannan. "Sannu oga, ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi" ta wadatar, ko Musulmi ne ko Kirista. A nemi izinin ma'aikatan jinya kafin a shiga, kada a daɗe.

Na san akwai masu jin haushin soja saboda abin da suka gani a shingen bincike. Wannan ƙorafi a kai shi inda ya dace, ba bakin gadon marar lafiya ba.

Mai son yin abin da ya fi gaisuwa, ya tafi ɗakin gwaji ya ba da jini. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, kuma namiji mai lafiya na iya sake bayarwa bayan wata 3.