Allunan Vindolanda

Allunan Vindolanda wasu siraran allunan katako ne da aka yi rubutu da tawada a kansu, waɗanda aka tono a Vindolanda, wani sansanin sojojin Daular Rumawa da ke yankin Northumberland a arewacin Ingila. An rubuta su a ƙarshen ƙarni na 1 da farkon ƙarni na 2 miladiyya. Suna cikin muhimman hujjojin da masana tarihi ke dogaro da su wajen sanin yadda sojoji suke rayuwar yau da kullum a bakin iyakar daular.

Ganowa

An kafa sansanin farko a wajajen shekara ta 85, kafin a fara gina Katangar Hadrian a shekara ta 122. A shekarar 1973 ne masanin kayan tarihi Robin Birley ya fara cin karo da allunan. Girman kowanne bai wuce tafin hannu sosai ba, kuma kaurinsa bai kai milimita 3 ba. Ba su ruɓe ba saboda ƙasar da ta binne su jiƙaƙƙiya ce wadda iska ba ta shiga. Da aka fito da su sai rubutun ya fara dusashewa, don haka aka ɗauki hotunansu da hasken infrared, wanda ya sake fito da tawadar. Yawancinsu suna ajiye a gidan tarihi na British Museum da ke Landan.

Harshe da rubutu

An rubuta allunan da harshen Latin, cikin wani salon rubutun hannu na gaggawa mai wuyar karantawa. Alan Bowman da David Thomas ne suka jagoranci karanta su, suka fitar da kundin farko a 1983. Sojojin sansanin sun fito ne daga ƙabilun Batavi da Tungri, wato yankunan Holan da Beljiyam na yau. Saboda haka masana harshe suna nazarin allunan don ganin yadda mutanen lardunan daular suke amfani da Latin.

Abin da suka ƙunsa

Wani rahoto na rundunar Tungri ya nuna tana da mutum 752, amma 456 ba sa sansanin, kuma 337 daga cikinsu suna Coria, wato Corbridge ta yanzu. A cikin 296 da suka rage, 31 ba sa iya aiki: 15 ba su da lafiya, 6 sun ji rauni, 10 kuma suna fama da ciwon ido. Wannan ya nuna cewa runduna tana iya warwatsuwa wurare da dama a lokaci guda.

Akwai kuma lissafin abinci, da takardun neman hutu, da wasiƙu. A wata wasiƙa an sanar da wani soja cewa an aiko masa da safa da takalma da kamfai. Wani hafsa mai suna Masclus ya rubuta wa kwamanda Flavius Cerialis cewa giyar sojoji ta ƙare. Mafi shahara ita ce wasiƙar da Claudia Severa ta aika wa Sulpicia Lepidina, matar Cerialis, tana gayyatarta bikin ranar haihuwarta. Ana ganin Severa ce da kanta ta rubuta gaisuwar ƙarshe, kuma tana cikin tsofaffin rubuce-rubucen mace da Latin da aka sani.

Muhimmanci da iyakarsu

Marubutan Rumawa sun fi ba da labarin yaƙe-yaƙe da sarakuna. Allunan kuwa sun nuna cewa akwai mata da yara da bayi da 'yan kasuwa a tare da sojojin. Sai dai yawancinsu gutsattsari ne da aka zubar a matsayin shara, kuma da dama sun fito ne daga gidan kwamanda, don haka muryar hafsoshi ta fi ta ƙananan sojoji fitowa. Mutanen Birtaniya na asali ba su bar rubutunsu a ciki ba. Wani allo ya ambace su da kalmar raini, Brittunculi. Shi ya sa masu bincike suke haɗa bayanan allunan da sauran kayan da aka tono a wurin, kamar takalma da ƙasusuwan dabbobi.