Idan kwale-kwale ya kife a Bahar Azrak, wa ke kai ɗauki?

Suki ba ta bakin teku, amma duk damina kogin Bahar Azrak kan tumbatsa, kuma masunta, manoma masu tsallakawa gona da yara masu wanka su ne a bakin haɗari.

Tsarin ceto a gaɓar teku ya daɗe. A 1824 aka kafa ƙungiyar da yau ake kira RNLI a Birtaniya, Faransa ta kafa SNSM a 1967, sannan yarjejeniyar Hamburg ta 1979 ta tanadi raba tekuna yanki-yanki, ƙasashe su ɗauki nauyin ceto. Aikin tashar ceto shi ne sauraron kiran gaggawa dare da rana, neman waɗanda suka ɓace, tsamo su, da ba su taimakon farko.

A kogunan Sudan, aikin yana hannun sashen ceto na Difa'ul Madani, ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida. Sai dai kogi dogo ne, ƙauyuka kuma a warwatse. A watan Agustan 2018, injin wani jirgi ya mutu a tsakiyar ruwa a jihar Nahrun Nil, 'yan makaranta 22 da mace ɗaya suka rasu.

Wanda ya nutse mintoci kaɗan gare shi. Shi ya sa a Suki da Maiurno mai ceton farko shi ne masuncin da ke kusa. Igiya, rigar ceto da rage lodi su ne kariya kafin jami'ai su iso.