Lasisin tuƙin jirgin ruwa: abin da ya kamata matasanmu na Kudu su sani

Tun da gwamnatin Legas ta hana okada a manyan unguwanni a 2020, ta kuma ƙara tsananta dokar a 2022, matasanmu da yawa ke neman wata sana'ar. Wasu sun fara leƙa bakin ruwa, inda masu hali ke ajiye ƙananan jirage na shaƙatawa, suna neman wanda zai kai su Tarkwa Bay ko Ilashe ranar Asabar da Lahadi. Aiki ne mai rufin asiri, amma ba a shiga shi da ka. Sai da horo da takardar shaida, kuma shawarata ita ce a nemi ilimin kafin takardar.

Hukumomi uku ne za ka riƙa jin sunansu. NIWA, mai hedkwata a Lokoja, ita ke kula da hanyoyin ruwa na cikin gida a duk Najeriya, tana yi wa jirage rajista, tana kuma ba matuƙa horo da lasisi. NIMASA ita ke ba da takardun ƙwarewa na ma'aikatan jirgin ruwa, har da ta masu tuƙa ƙaramin jirgi mai inji, wadda ake kira PDSC. Sai LASWA ta Jihar Legas, da aka kafa a 2008, mai ofis a tashar Five Cowries da ke Falomo. Ka je ofis da ƙafarka ka tambayi wace takarda ta dace da jirgin da za ka tuƙa. Makarantun gwamnati ma akwai, irin su kwalejin horar da ma'aikatan ruwa ta Oron a Akwa Ibom, da kwalejin kamun kifi da fasahar ruwa ta tarayya a Victoria Island.

To me ake koyo? Na farko, jirgi ba shi da birki. In ka rage wuta, nauyinsa zai ci gaba da tura shi, iska da ruwa kuma suna jan sa gefe. Ruwan Legas yana cika yana janyewa sau biyu a kwana guda, wurin da ka wuce lafiya da safe yana iya kafe ka a yashi da rana.

Na biyu, ruwa ma yana da dokar hanya, wadda duniya ta amince da ita tun 1972. In kun yi gaba da gaba da wani jirgi mai inji, kowa ya karkata damansa. In hanyarku za ta gitta, wanda ya ga ɗan'uwansa ta hannun dama shi zai kauce. Mai son wuce na gabansa, shi ke da alhakin ba da tazara. A ƙunƙuntar hanya irin ta shiga Apapa, ƙaramin jirgi ba ya tare wa babba hanya, don babban ba zai iya tsayawa nan take ba. Jar fitila tana gefen hagu, koriya a dama, fara a baya, da su ake gane inda jirgi ya dosa cikin duhu. Hon ma magana ce: ɗaya gajere na nufin zan yi dama, biyu zan yi hagu, uku na sa inji baya, biyar kuma ban gane nufinka ba, yi hattara. Saboda waɗannan fitilu ne ake gwada idon matuƙi, don akwai mutanen da ba sa bambance ja da kore, kuma ba su ma sani ba.

Na uku, lodi. Mahaifina fataucin shanu yake yi, kuma duk wanda ya taso a kara ya san in shanu suka taru gefe guda a tirela, kwana ɗaya ta isa ta kifar da mota. Haka jirgi yake, har ya fi. Kowane jirgi yana da adadin mutanen da zai ɗauka, kuma matuƙi ne zai zaunar da su daidai. Mai ma da lissafinsa: kashi ɗaya cikin uku na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya a ajiye. Akwai kuma igiyar da matuƙi ke ɗaurawa a jikinsa, wadda ke kashe inji in ya faɗa ruwa, kada farfela ta dawo ta sare shi.

Rigar kariya kuwa dole ce ga kowa, ko ya iya iyo. A Yulin 2022, ana jajibirin Babbar Sallah, jirgin da ya tashi daga Mile 2 zuwa Ibeshe bayan duhu ya fara ya kife, mutane fiye da goma suka rasu. A Yunin 2023, sama da mutum 100 suka nutse a Kogin Neja kusa da Patigi suna dawowa daga biki da dare. Gudun irin wannan haɗari ne ya sa hukumomi suka hana tafiyar dare.

Yanzu ga jan kunne. A bakin ruwa za ka haɗu da masu ce maka kawo kuɗi da hoto, gobe ka karɓi satifiket. Ɗan'uwa, kada ka yarda. Ranar da aka yi haɗari, takardarka za a fara bincika, mai jirgi ya zame, ta bogi kuma ta kai ka gidan yari da alhakin rayuka a wuyanka. Ka biya kuɗi inda hukuma ta ce, ka riƙe rasit. Ka fara da zama yaron jirgi a hannun gogaggen matuƙi, ka koyi iyo, ka koyi karanta alamomin ruwa, sannan ka zauna jarrabawa.

Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyinmu a Legas, Fatakwal da Warri su ma suna da rawar takawa. Su tattara sunayen matasa masu sha'awa, su kai wa hukuma a nemi horo a ƙungiyance. Allah ya ba mu halal, ya tsare mu a tudu da ruwa.